Haƙƙin Baƙo da Matsayin Ɗan Ƙasa: Darasi Daga Babbar Kasuwar Katsina

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa bayinSa tafiya a bayanta domin neman arziki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, waɗanda suka yi hijira da waɗanda suka karɓe su. Bayan haka:

A 'yan shekarun nan an yawaita shirya taruka a jami'o'in duniya, inda ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗuwa su gabatar da maƙalu a kan al'amura uku, wato zama ɗan ƙasa, da dunƙulewar duniya, da ƙaurar mutane daga wata ƙasa zuwa wata. Mun ga ya dace mu duba wannan magana a filinmu na wannan mako, domin kuwa ba ta ɗalibai ba ce su kaɗai. Ɗan kasuwan da ke karɓar kaya bashi daga hannun mutumin Maraɗi, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar shaidar asali a ofishin ƙaramar hukuma, su ne ke yanke hukunci a kanta kullum, ko sun sani ko ba su sani ba. Tambayar kuwa ɗaya ce: mene ne haƙƙin mutumin da ya zo ya zauna a cikinmu, alhali ba a nan aka binne cibiyarsa ba?

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwa ta Katsina da idon basira zai ga abin da ake kira dunƙulewar duniya a baje a gabansa. Ga dabino da kanwa daga arewa, ga goro da manja daga kudu, ga wayoyin hannu da yadudduka daga ƙasar Sin, ga masu canji suna juya naira da sefa. Zai ji Hausar Katsina da ta Maraɗi da ta Damagaram, ya ga Buzu da rawaninsa, da Inyamuri a shagonsa, da Bayarabe, da Bafillace. Lokacin da gobara ta tashi a kasuwar nan cikin watan Maris na 2021, ba ta tambayi kowa takardar asalinsa ba. Ta ci dukiyar ɗan gari, ta ci ta baƙo, kuma tare suka yi jaje.

Wannan cuɗanya ba sabon abu ba ce a garin nan. Tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau da waɗanda suka gaje shi, Wangarawa suka shigo daga yamma da fatauci da littattafai, har masana tarihi suna danganta unguwar Gambarawa da su. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya taso tun daga Tilimsana, ta ƙasar Aljeriya a yau, ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen wannan ƙarni yana karantarwa. Malam Aida Ahmad al-Tazakhti, wanda aka sani da Ɗan Takum, ya sauka a Katsina bayan ya yi karatu a gabas, aka naɗa shi alƙali, ya rasu a nan wajen shekarar 1529. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, asalin iyayensa Barno ne, ga shi kuwa har yau akwai unguwar Masanawa. Ba mu taɓa jin Bakatsinen da ya ce waɗannan bayin Allah ba na Katsina ba ne.

Yadda garin ya karɓi baƙi, haka 'ya'yansa suka yi baƙunci a wasu wurare. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, a can ya rasu a 1741. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, suka kafa zango a Kumasi da Ankara. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete Krachi ta ƙasar Gana ya rasu a 1934, yana limami kuma malamin da ake zuwa wurinsa daga nesa. Kowane zango yana da mai masauki, wanda ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rikici ya taso. Babu fasfo a wancan zamani. Amana ce takardar shiga, duk wanda ya ci ta kuwa, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba.

Iyakar da ke tsakaninmu da Maraɗi ta zo ne daga baya. Bayan jihadi, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi sarautar Katsina, sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. An yi yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwan biyu, ba mu musun haka, amma auratayya da ciniki ba su yanke ba. Ingila da Faransa su ne suka shata layin da muka sani a yau, ta yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, a manyan biranensu, ba tare da shawarar mutanen da za a raba ba. Aka wayi gari wa yana ƙarƙashin Ingilishi, ƙane yana ƙarƙashin Faransi. Da aka sami 'yancin kai a 1960, ɗaya ya zama ɗan Nijeriya, ɗaya ɗan Nijar, alhali Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina.

To, kada a fahimce mu da cewa muna raina takardun hukuma. Fasfo da katin ɗan ƙasa da kuɗin kwastan tsari ne na maslaha, wanda shugabanni suke da ikon kafawa domin a san mai shiga da mai fita, kuma Musulmi mai cika alkawari ne. Wanda ya ƙetare iyaka da kayan fasa-ƙwauri, balle makamai ko miyagun ƙwayoyi, ya saɓa wa doka kuma ya cuci jama'a. Abin da muke faɗi shi ne, takarda tana nuna wace gwamnati ce ke da alhakin mutum, amma haƙƙin da Allah Ya ɗora mana game da shi ya riga takardar, kuma ba ya faɗuwa don ta ɓace ko don an rufe iyaka.

Tarihin Musulunci kansa da hijira aka fara ƙidaya shi. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka gudu zuwa Habasha, Najjashi ya ba su mafaka, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da aka kawo masa. A shekarar 622 ta Miladiyya aka yi hijira zuwa Madina, aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga ya fara da cuku da man shanu, har ya zama ɗaya daga manyan attajiran sahabbai. Akwai darasi biyu a nan. Ɗan gari ya buɗe hannunsa, baƙo kuma ya ƙi zama nauyi a kan mai masaukinsa. Kasuwar ma ba a rufe masa ita ba don shi mutumin Makka ne.

Shari'a ba ta bar al'amarin baƙo ga kirkin zuciya kaɗai ba, ta sanya masa hukunce-hukunce. A cikin Suratul Tauba an ambaci matafiyin da guzurinsa ya yanke a jerin mutane takwas da ake ba zakka, malamai kuma suka ce ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. A cikin Suratun Nisa'i an yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa da abokin tafiya da matafiyi. A Suratul Hujurati an bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce su san juna, fifiko kuwa yana ga tsoron Allah. Sa'an nan akwai babin amana a littattafan fiƙihu. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani'i, Allah Ya yarda da ita, ta ba wasu daga dangin mijinta kariya, Annabi kuma ya tabbatar da kariyarta. Malamai suka ce wanda ba Musulmi ba, in ya shigo ƙasar Musulmi da amana domin fatauci, jininsa da dukiyarsa sun haramta, in ya mutu a mayar wa magadansa da abin da ya bari. In wannan shi ne haƙƙin wanda ya fito daga ƙasar da ake gaba da ita, to, ina ga Musulmi ɗan'uwanka da ya zo daga Tasawa ko Madarunfa, wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallacin kasuwa?

Akwai wani hukunci da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari da Sahihu Muslim cewa an hana tarbar ayari a hanya a saye kayansa tun bai iso kasuwa ba. Malamanmu na Malikiyya sun fi kallon maslahar mutanen kasuwa, kada mutum ɗaya ya kwashe kaya ya tsawwala musu. Imamu Shafi'i kuwa ya fi kallon mai kawo kayan, domin bai san farashin gari ba, za a iya yi masa wayo. Ko wanne aka ɗauka, dillalin da ke tare mai wake ko mai tumaki a tasha, ya ce masa kasuwa ta faɗi alhali ƙarya yake yi, ya shiga cikin abin da aka hana. Rashin sanin baƙo ba riba ba ce.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka mai da takarda ita ce ma'aunin mutum. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama makonni biyu su fice. Mutanen zango da yawa, har da waɗanda a can aka haife su, suka karyar da gidaje da rumfuna, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. Mu a nan muka yi Allah wadai. A watan Janairu na 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan, aka fitar da mutane fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Cadi da wasu ƙasashe. Kafin wannan, a watan Janairu na 1980, an kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Barno, aka kai shi Cadi da hujjar wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da haƙƙinsa. In har za a iya yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka, talakan da ba shi da lauya fa?

'Yan'uwanmu na Sudan ma abin lura ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma maniyyata ne da suka yada zango a kan hanyar Makka, suka noma ƙasar, suka hayayyafa. Amma a watan Yuli na 2022 an zubar da jini a jihar Shuɗin Nilu a kan maganar ƙasa da sarautar gargajiya, ana ce wa Hausawa baƙi bayan zaman da ya haura shekara ɗari. Wanda wannan labari ya ɓata wa rai, ya duba yadda yake kiran mutumin da kakansa ya zo Katsina tun zamanin Sarki Dikko.

Za a ce mana zamani ya canja, ga 'yan bindiga sun addabi Jibiya da Batsari da Safana, ga makamai suna shigowa ta kan iyaka, yaya za a yi mu saki jiki da baƙo? Wannan magana tana da nauyi, kuma bincike wajibi ne. Mai unguwa ya san wanda ya sauka a unguwarsa, mai gida ya san wanda ya ba haya, shugabannin kasuwa su san wanda suka ba rumfa. Haka magabata suke yi, don haka ne ma aka sami sarkin zango da mai masauki. Amma ƙa'idar shari'a ita ce ba a kama wani da laifin wani. Mu tuna kuma cewa tun daga 2019 dubban mutanenmu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsere wa waɗannan 'yan bindiga suka shiga jihar Maraɗi, kuma talakawan ƙauyukan can ne suka fara ba su masauki da abinci tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Wanda yake mai masauki yau, gobe shi ne baƙo.

Gwamnatoci suna buɗe iyaka suna rufewa gwargwadon siyasarsu. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, ta amince a 1979 cewa ɗan ƙasashenta yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sa'an nan a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. A cikin wannan tsakani ne kuma, a 2021, aka ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Duk lokacin da aka rufe, akan bar basussuka rataye a tsakanin 'yan kasuwar ɓangarorin biyu. Muna tunatar da 'yan'uwa cewa rufe iyaka ba ya kankare bashi. Wanda ke riƙe da kuɗin abokin cinikinsa na Maraɗi ko Damagaram, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya sanar da magadansa, ya nemi hanyar halal ya aika masa. Jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, amanarku ta fi nauyi, domin alƙalaminku yana buɗe wa yaro ƙofar makaranta ko ya rufe masa ita. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Sashe na 27 ya buɗe wa baƙon da ya cika sharuɗɗa, ciki har da zaman shekara 15, hanyar neman zama ɗan ƙasa. Amma a aikace takardar shaidar asali ta zama ita ce mabuɗin gurbin karatu da aikin gwamnati, har ka ga yaron da aka haifa a Katsina, ubansa yana biyan haraji a nan, ana tura shi wani gari da bai san kowa ba ya nemo takarda. Gyaran wannan tsari aikin 'yan majalisa ne, ya kamata kuma a matsa musu. Kafin nan, ma'aikaci ya ji tsoron Allah ta fuska biyu: kada ya sayar da takarda ga wanda bai cancanta ba, domin wannan shaidar zur ce haɗe da rashawa, kada kuma ya wahalar da wanda doka ta ba shi, don sunansa ko harshensa bai yi masa daɗi ba. Jami'in da ke kan hanya shi ma ya sani, abin da ya karɓa a hannun matafiyi ba bisa doka ba haram ne, ko an kira shi na goro.

Matasanmu masu niyyar fita, ba mu hana ku ba, domin tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma ci-rani sana'ar iyaye da kakanni ce. Amma magabata ba su fita da ka. Suna bin ayari, da madugu, da jagaba, da sanin wanda za su sauka a wurinsa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Jefa rai cikin halaka ba tawakkali ba ne. Wanda zai tafi ya tafi da takardunsa, da izinin iyayensa, da abin da zai bar wa iyalinsa, da sana'ar da zai riƙe kansa. In ya isa, ya kiyaye dokar mutanen da suka karɓe shi, domin shi ma ya shiga ne da amana.

Ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da sauransu, in Allah Ya ba ku ikon halartar irin waɗannan taruka na duniya, ku tafi da abin da kuka sani na gida. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya nuna a littafinsa na tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, yadda ƙaura da sana'a da zaman tare suka gina al'ummar ƙasar nan. Ku karanta shi, ku karanta babin ciniki da babin amana a littattafan fiƙihu, sa'an nan ku shiga Babbar Kasuwa ku zauna da dattawan 'yan goro da 'yan hatsi, ku tambaye su yadda ake ba mutum kaya bashi ya ƙetare iyaka da su, ya dawo da kuɗin bayan wata uku ba tare da kotu ta shiga ba. Wannan ilmi ne da ya cancanci a rubuta shi tun masu shi suna raye.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma tarihin garin nan ya nuna mana cewa kabar yau, in aka bi saiwarta, raɓar jiya ce ta shayar da ita. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.